Shere ko Mambila a tsakiyar marka?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ku biyar ne daga Kano, kuna so ku fita ranar Juma'a ku dawo daren Lahadi a cikin watan Agusta, kun rasa wanda za ku ɗauka tsakanin duwatsun Shere na Jos da tsaunin Mambila na jihar Taraba, har wani cikinku yana maganar taka dutsen Chappal Waddi. Na sha hawa Shere da damina, Mambila kuma sau biyu na je, ɗaya ruwa ya ritsa da mu a can. Shawarata Shere, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi zaɓin nauyi.

Mu fara da hanya, domin ita kaɗai ta kusa raba gardamar. In kun bar Kano da wuri ranar Juma'a, a Jos za ku kwana, Shere kuwa bai wuce kilomita 10 gabas da gari ba. Mambila sai kun kashe yini guda kafin Jalingo, washegari ku bi Bali da Serti, ku kama hawan nan mai kwana-kwana daga Mayo Selbe, ku wuce Nguroje kafin Gembu, babban garin Mambila. Lahadin da kuke so ta same ku a gida, a ranar ce za ku fara ɗaura takalmi. Chappal Waddi kuwa ku cire shi daga lissafi. Tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a Nijeriya, yana kan iyakar Kamaru cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, sai da izinin hukumar gandun da ɗan jagora, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙafa ko da rani.

Ruwan wuraren biyu ba halinsu ɗaya ba. Na Jos mai faɗa ne. Sau da yawa gari kan waye garau, rana ta fito, sai bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, da iska da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829, kuma saman falalen dutse ne tsirara. Duk wanda ya tsaya a nan shi ne abu mafi tsayi a wurin, aradu kuwa abu mai tsayi take nema. In ka ga walƙiya fara ƙirga: kowane daƙiƙa uku kafin ka ji ƙarar, kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, ku fara sauka nan take, ko da hoto ɗaya ya rage ku ɗauka. Kada ku fake gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kada ku lafe a bakin ɗan kogo, kada wani ya buɗe lema, kuma ku warwatsu maimakon ku cure wuri guda. Bayan ƙarar ƙarshe ku ba shi rabin awa.

Abin da na gani da idona shi ne wannan. Mu uku ne, mun makara wajen hawa, muna zaune a sama muna cin ƙuli-ƙuli da dabino la'asar ta kusa, sai iska ta juya ta yi sanyi. Kafin mu tattara kaya ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Dutsen da muka taka da safe yana riƙe ƙafa kamar siminti ya koma tamkar an zuba masa miyar kuɓewa, musamman inda gansakuka ta kwanta. Da zama muka riƙa gangarowa, hannu da ƙafa. Duk da haka abokinmu mai kambas ɗin da ƙasansa ya suɗe ya zame ya gurɗe a idon sawu. Saukar da ba ta cin awa guda ta ci mana fiye da biyu, muna riƙe da shi ta kafaɗa. Amma ana kiran isha'i yana kwance a asibiti cikin Jos ana duba ƙafar. Wannan kusancin shi ne dukan dalilin da ya sa na ce Shere.

Ruwan Mambila bai cika zuwa da irin wannan barazanar ba, shi ya sa yake yaudarar baƙo. Yayyafi ne da hazo, ya yini ya kwana, damina kuma ta fi ta Jos tsawo. Tuddai ne na ciyawa masu kama da juna, in hazo ya sauko ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma, kuma duk hanyar shanu kamar ita ce taka. A zuwana na biyu rafin da muka tsallaka da safe iyakarsa idon sawu, da muka dawo da yamma ya kai ƙugu, ja wur yana tafe da itace. Ɗan jagoranmu ya ce ba mai shiga, kuma gaskiyarsa, domin ruwa mai gudu ko a gwiwa yake yana kayar da ƙato. A wata ruga muka kwana. Mai gidan ya hura mana wuta, aka dafa mana madara, har yau ina yi masa addu'a. Babu sabis a waya, babur ba ya iya shiga taɓon, da a ce a nan ƙafar abokina ta gurɗe, da sai an ɗauko shi a kafaɗa tafiyar yini.

Sanyi kuwa duka biyun suna da shi, kuma mutanen Kano sukan raina shi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafin iska yakan ragu da kusan digiri shida da rabi, wato saman Shere ya fi Kano sanyi da kimanin digiri tara tun kafin ruwa da iska su sa hannu. Bambancin shi ne a Shere za ka jiƙe na awa biyu ka koma masauki ka sha shayi, a Mambila kana iya kwana da jiƙaƙƙen kaya. Wandon jins da rigar auduga in sun sha ruwa zafin jiki suke zuƙewa. Ku sa rigar 'yan ƙwallo ta roba a ciki, rigar ruwa a sama, busasshiyar rigar sanyi da safa a ƙulle cikin leda a ƙasan jaka. In kun ga wani yana karkarwa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe yana cewa barci yake ji, ba gajiya ba ce. Ku cire masa jiƙaƙƙen kaya, ku rufe shi, ku ba shi shayi mai sukari daga fulas.

Kada ka ɗauka ina kushe Mambila. Ban ga wuri a ƙasar nan da ya kai ta kyau ba, da koren tuddanta da shanunta da gonar shayin Kakara. Ku ware mata mako guda tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da rafuka suka janye.

Ga sharaɗin Shere. Ku nemi ɗan jagora ɗan yankin tun daren Juma'a, ku tambaye shi halin tsaro a wannan makon, ba na bara ba. Akwai cibiyar horar da shugabanci ta gwamnatin tarayya a gindin duwatsun, wadda aka fi sani da Man O' War, masu koyarwa a can sun san kowane lungu. Ku fara hawa da zarar gari ya waye bayan asuba, azahar ta same ku a ƙasa. Kowa da takalmi mai kaushin ƙasa da tocilarsa, ku kuma bar wa wani a gari lokacin da zai fara nemanku. In Asabar ta waye da marka, ku zauna, ku zaga gidan tarihi na Jos, ku jira safiyar Lahadi. In ita ma ta zo da ruwa, ku kama hanyar Kano.