Kano daga kan Dala: wane bugu za ka saya a gwanjo?

Wanda ya taɓa ganin zanen Kano da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ɗauka daga kan Dutsen Dala a 1851, da wuya ransa bai biya ba. Idan zanen ya fito a gidajen gwanjo na Landan ko Jamus, siffarsa ba ɗaya ba ce, kuɗinsa ma haka.

Mafi daraja shi ne bugun farko na littafin tafiye-tafiyen Barth, inda zanen yake, juzu'i 5, wanda ya fito daga 1857 zuwa 1858: na Turanci a kamfanin Longman, na Jamusanci a Justus Perthes da ke Gotha. Na Turancin yana da zane mai launi 60 da taswira 15. Kafin ka yi tayi, nemi gidan gwanjon ya ƙirga maka su ɗaya bayan ɗaya, ya turo hotuna. Taswirorin a ninke suke, kuma bakin ninkin ne ke fara yagewa. Ɗan jan tabo na tsufa ba aibi ba ne, amma in juzu'i ɗaya ya ɓace, darajar ta zube.

Bugun Amurka na Harper, juzu'i 3, ya fi sauƙi, sai dai ba shi da waɗannan launuka. In karatu kake so, shi ko sabon bugun Frank Cass na 1965 ya ishe ka.

Sai kuma warin takarda, wato zanen da aka ciro shi kaɗai don a rataye a bango. Ya fi dacewa da ƙaramin aljihu, amma ni raina ba ya kwanciya da shi, domin sau da yawa lafiyayyen littafi aka farke. A nan ne kuma jabu ya fi yawa. Sa madubin ƙara girma a kan sararin samaniyar zanen: in ka ga ɗigo-ɗigo a jere sahu-sahu, bugun injin zamani ne. Na asali barbaɗinsa a warwatse yake kamar yashi.

Kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba. Manyan gidaje kan ɗora kamasho wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ga kuɗin aikowa, ga kwastan. In ya iso gida, ka nisanta shi da bango mai danshi lokacin damina, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda gara.