Na'urar Gwajin Kiton a Jini: Ra'ayina Bayan Wata Shida

Likitan 'yata, wadda ke fama da ciwon sukari mai buƙatar allurar insulin, shi ne ya shawarce mu da sayen na'urar da ke auna sukari da kiton daga ɗigon jini, kowanne da tsinken gwajinsa, muka same ta a wani kantin magani a Jidda.

Idan insulin ya yi ƙaranci, jiki yakan koma ƙona kitse, sai sinadarin kiton ya taru ya sa jini ya yi tsami, wanda likitoci ke kira ketoasidosis. Alamominsa su ne amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani da numfashi mai zurfi da sauri, kuma iyaye da yawa a cikinmu Hausawan Saudiyya sukan ɗauke su a matsayin ɓacin ciki kawai, alhali ƙasar nan tana cikin waɗanda irin wannan ciwon sukari ya fi yawa a tsakanin yara.

Na'urar tana ba da sakamako cikin daƙiƙu kaɗan, kuma ta fi gwajin fitsari, wanda ke nuna halin da jiki ya shiga sa'o'i da suka wuce. Idan adadin kiton da na'urar ta nuna yana ƙasa da 0.6, lafiya lau ne. Idan ya haura 1.5 a tuntuɓi likita nan take. Idan ya kai 3.0 sai asibiti, ko a kira motar ɗaukar marasa lafiya a lamba 997.

Tsinken gwajin kiton ya fi na sukari tsada, kuma zafin Jidda yana lalata shi, don haka ba ma barinsa a mota.