Ɗaukar avoka a Damagaram: me kuɗinka ke saye?

Wanda aka kama ɗansa da daddare a Zango ko Garin Malam, da wanda rigimar gona ta taso masa daga Mirya ta iso birni, tambayarsu ɗaya ce: a ɗauki avoka, wato lauya, ko a haƙura? A ɗauka, amma a san lokacin da ya dace. Aikin lauya a nan yana biyan buƙata a wuraren da doka ta ba shi ƙarfi, yana da tsada saboda nisa, kuma ƙarfin gwiwarsa ya rataya ne a kan zaɓen shugaban lauyoyi da ake yi a Yamai, wanda galibin masu biyan kuɗin ba su taɓa jin labarinsa ba.

Nijar ƙungiyar lauyoyi guda gare ta, wadda ake kira baro, kuma kusan dukkan ofisoshin suna Yamai. Damagaram kuwa tana da babbar kotun jiha da kotun ɗaukaka ƙara, wadda shekaru da dama ita da ta Yamai ne kaɗai a ƙasar. Tsakanin lauyan da kotun kusan kilomita 900 ne. Don haka kowane zama yana da kuɗin mota ko jirgi, da masauki, da abinci, ban da ladan aiki. Nan ne aljihu ke yoyo: lauya ya kwana a hanya, a kira dosiye, a ce abokin shari'a bai samu sammaci ba, a ɗage zama cikin minti biyu. Kuɗin tafiya ya tafi. Ɗagewa uku irin wannan na iya cinye abin da ya fi kuɗin kafin alƙalami.

Maganinsa takarda ce. Kafin ka ba da ko dala, a rubuta yarjejeniyar lada: nawa ne na matakin farko, ɗaukaka ƙara na ciki ko daban take, wa zai biya tafiya idan aka ɗage, kuma wa zai tsaya gaban alƙali, shi maigidan ko ɗan koyon aikinsa. Ɗan koyo ba laifi ba ne, shekara uku yake yi ƙarƙashin babba, wasunsu ma sun fi karanta dosiye, amma kada ka biya kuɗin raƙumi a kawo maka akuya. Ka tambaya ko yana da wasu shari'o'i a Damagaram a mako guda, domin a raba kuɗin hanya. Tambur da ladan wisiye mai kai takardu, a ware su daban, kowanne da rasit. Doka ta hana lada ya zama kason abin da aka ci kaɗai. Ana iya ƙara masa wani abu idan an yi nasara, amma wanda ya ce «kada ka ba ni komai, mu raba biyu» ya riga ya taka ƙa'idar sana'arsa. Kuɗin diyya da aka biya ta hannun lauya kuma asusun CARPA, na ajiyar kuɗin jama'a da ke ƙarƙashin baro, yake bi, ba aljihunsa ba.

Inda aikin ya fi amfani shi ne kwanaki biyun farko. Ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta 25 ga Satumba 2014, wadda ta fara aiki a farkon 2015, ta ba lauya damar tsayawa wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi, a komisariya ko wajen jandarma. Tsarewar bincike a laifuffukan yau da kullum awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya. A cikin awannin nan ne ake rubuta bayani da Faransanci, a karanta wa mutum da Hausa a gurguje, ya dangwala yatsa. Abin da aka dangwala ranar, shi zai bi shi har gaban alƙali. Amma lauyan da ke Yamai kafin ya iso an gama, shi ya sa wanda yake da abokin aiki a gari ya fi mai babban suna da ke nesa. Lauyan Kano kuwa, duk da kusanci da zumunci, ba ya cikin wannan tsari: Najeriya ba ta cikin UEMOA, dokarta da harshen kotunta daban ne.

A rigimar gona kada a yi gaggawar kiran avoka. Ana fara sulhu ne gaban mai gari ko sarki, a fito da takardar sulhu ko ta rashin sulhu, sannan a je kotu, inda alƙali ke zama da masana al'ada. Takardar hukumar filaye da dattawa biyu da suka san iyaka sun fi dogon Faransanci. Lauya na shigowa da amfani ne a ɗaukaka ƙara.

Marasa hali suna da hukumar ANAJJ mai ba da taimakon shari'a, wadda dokar 2011 ta kafa, da ofis a babbar kotu. Ƙananan yara da waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka suna da haƙƙin mai kare su. Talaka kuma yakan kawo takardar shaidar rashin hali daga ma'aikatar magajin gari. Shawararsu kyauta ce. Sai dai saboda ƙarancin lauyoyi a jihohi, mai karewar da ake naɗawa sau da yawa ba avoka ba ne, mutumin gari ne da aka horar. Yana iya roƙon sassauci da kyau, amma da wuya ya ce wa kotu a rushe bincike don an wuce wa'adi.

Duk wannan yana komawa hannun mutum ɗaya, batoniye, shugaban baro. Lauyoyi ne ke zaɓensa da ƙuri'ar sirri, daga cikin waɗanda suka daɗe a sana'a, wa'adin shekara uku ba sabuntawa. Idan kai da lauyanka kuka saɓa kan lada, wajensa za ka kai kuka a rubuce. Idan lauya ya cinye kuɗinka, ta hannunsa maganar horo ke farawa. Abin da ya fi waɗannan: ba a kama lauya ko a tsare shi sai da umarnin manyan mahukuntan kotun ɗaukaka ƙara, bayan an tuntuɓi batoniye, kuma ba a binciken ofishinsa sai batoniye ko wakilinsa na tsaye. Wato shi ne katangar da lauya ke jingina da ita ranar da zai ce wa mai gabatar da ƙara a'a. Idan katangar ta wani ce, lauyan da ka biya zai zo, zai sa baƙar riga, zai yi magana mai daɗi, amma tambayar da za ta ɓata wa manya rai ba zai yi ta ba.

Siyasa ba ta shiga irin wannan zaɓe da bindiga, ba a Nijar kaɗai ba, ko'ina. Masu ƙuri'ar kaɗan ne, ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 25, don haka ƙuri'a goma na iya juya sakamako. Hanyoyin sanannu ne: kwangilar kare kamfanin gwamnati, alƙawarin muƙami, biya wa ƙananan lauyoyi bashin kuɗin ƙungiya ana gab da zaɓe, da jan dosiyen horo a kan wanda ya cika baki. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Hana tazarce yana rage kwaɗayi, amma ba ya hana mutum tunanin inda zai faɗa bayan shekara uku.

Baron Nijar ya nuna yana da baki. A Agustan 2025, da gwamnati ta rusa ƙungiyoyin ƙwadago na ɓangaren shari'a, har da SAMAN ta alƙalai, lauyoyi sun yi tir kuma suka ajiye aiki na kwana biyu. A Yunin 2024 kuma lauyoyin Mohamed Bazoum sun yi ƙorafin an hana su ganawa da shi kafin a cire masa rigar kariya. In tsohon shugaban ƙasa ya gamu da haka, mai sayar da fata a kasuwar Dole ya san matsayinsa idan abokin shari'arsa mai kujera ne.

Saboda haka kafin sa hannu, a yi wa lauya tambaya kai tsaye, cikin ladabi: «Metir, kana da wata kwangila da ma'aikatar da nake ƙara, ko da wanda ke bayanta?» Doka ta hana shi tsayawa wa ɓangarori biyu masu karo, kuma lauyan kirki ba ya fushi da tambayar. A duba sunansa a jadawalin baro na shekarar. A guji dillalan bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Wanda ya ce a ba shi «na sama» ba aikin lauya yake sayarwa ba. Ranar hukunci kuma a fara lissafi: a ƙananan laifuffuka kwana goma ne wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma a ofishin magatakardar kotun da ta yanke ake rubuta ta. In lauyan ya riga ya hau mota zuwa Yamai, wanda aka yanke wa hukuncin na iya yi da kansa, wanda ke gidan kaso kuma ta hannun shugaban gidan.