Gargaɗi kan masu sayar da jabun tsofaffin motocin Amurka da sunan na asali

Duk mai sha'awar motocin nan masu ƙarfin inji da kamfanonin Amurka suka ƙera daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, irin su Pontiac GTO da Chevelle SS da Plymouth Cuda, ya kamata ya san cewa kasuwarsu ba ta rabuwa da 'yan damfara, kuma wanda suka fi cuta shi ne mai ciniki ta intanet daga nesa, wanda hotuna kaɗai yake gani. Kuɗi ne ya jawo haka. A 2014 an sayar da wata Hemi Cuda, wato Cuda mai babban injin da ake kira Hemi, ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a gwanjon da kamfanin Mecum ya yi a birnin Seattle kan dala miliyan 3.5, alhali Barracuda gama-gari ta wannan shekara (Cuda ita ce samfurin Barracuda mai ƙarfin inji), wadda bodinsu iri ɗaya ne, kuɗinta bai kama ƙafar haka ba. Tunda tazarar farashi ta kai haka, maras tsoron Allah ba zai rasa dabarar da zai sa wa ƙaramar mota rigar babba ba.

Chevelle ta 1970 ta isa misali. A wannan shekara SS ba mota ce mai zaman kanta ba, ƙarin kaya ne da mai saye yake zaɓa a ɗora masa kan Malibu, wato wani samfurin Chevelle na gama-gari, saboda haka lambar shasi ba ta nuna ko mota SS ce ko a'a. Macuci sai ya sayi Malibu mai araha, ya sa mata bonet da tambari da ratsin fenti na SS, ya ɗora babban injin da ake kira 454, sannan ya tallata ta a matsayin LS6, wato SS mai injin da ke da ƙarfin doki 450, wadda guda 4,475 kacal aka ƙera. Haka ake yi da Camaro Z/28 ta 1969, da GTO ta 1964 da 1965. Ni ban ga laifin wanda ya haɗa irin wannan mota don jin daɗinsa ba, muddin ya faɗi gaskiya ranar da zai sayar. Abin da nake ƙi shi ne ɓoyewar.

Akwai kuma wadda ta fi wannan muni. Ana samun mota mai daraja da tsatsa ta cinye ko haɗari ya murƙushe, a cire farantin lambarta da na bayanan masana'anta, a manna su a jikin wata lafiyayya. Dokar tarayyar Amurka ta ɗauki cirewa ko sauya lambar shasi laifi da zai iya jawo ɗaurin shekara biyar, kuma hukuma tana iya ƙwace motar daga hannun wanda ya saya, ko da bai san komai ba. Faranti da ribit ɗinsa da takardu duk ana buga na jabu. Abin da yake da wuyar yi wa ƙarya shi ne ƙarfen bodin kansa, shi ya sa nake roƙon mai saye ya koyi bambanta aikin masana'anta da abin da ya samu mota daga baya.

Abu na farko da za a gane shi ne, masana'antun wancan zamani da sauri suke aiki, ba su damu da kyan wurin da ido ba ya gani ba. Waldar da suke yi ta ɗigo-ɗigo ce, ƙananan lotsattsun da'irori a bakin ƙarfe, tazararsu ba daidai take ba domin hannun ma'aikaci ne yake riƙe da na'urar. Idan ka leƙa bakin gefen baya ko ƙasan but ka tarar da wuri sumul babu ɗigo ko ɗaya, ko ka ga alamar an goge walda da injin gurza, to an sauya ƙarfen nan. Mannin da suke toshe haɗin ƙarfe da shi a dagule yake, kamar an shafa ana gudu. Fenti yakan fantsama zuwa ƙarƙashin mota ya dusashe a hankali, wani wurin ma ya zuba ya daskare. Wanda bai sani ba yakan ɗauki waɗannan a matsayin lalacewa ko aikin wani fanel bita maras ƙwarewa, har ya fi son motar da aka goge mata su, alhali su ne shaidar cewa hannu bai taɓa wurin ba tun fitowarta. Inda rufi ya haɗu da gefen baya, da dalma ake cike haɗin, saboda haka ɗan layin da ya bayyana a nan bayan shekara hamsin ba abin tsoro ba ne. Amma idan maganaɗisu ya ƙi kamawa a tsakiyar ƙofa ko saman tayar baya, fila ce aka lafta a kan rami ko lotsewa.

Masana'antun sun kuma buga wani ɓangare na lambar shasi a ɓoyayyun wurare. A Cuda da Dodge Challenger na 1970 ana samunta a ƙarfen da ke riƙe da lagireto da kuma wanda ke ƙasan gilashin gaba, a Camaro ta 1969 kuwa tana ƙarƙashin murfin da ke gaban gilashi da kusa da fankar ɗumama mota. Kada ka tsaya kan dacewar lambobin kawai. Shafa bayan wurin, ka duba ko an yanko guntun ƙarfe mai lambar daga wata mota an dasa. Haka nan a cikin gefen gaba za ka iya ganin ramukan tsohon tambari da aka toshe, waɗanda fenti ya rufe ta waje.

Sabon salon da ya fi damuna shi ne tsufan ƙarya. Tunda masu saye suka fara biyan kuɗi mai yawa kan motar da ba a taɓa gyarawa ba, sai wasu suka koma dusashe sabon fenti da gangan, su bar ƙura ta lulluɓe mota, su ɗauki hotonta a tsohon sito da labarin cewa shekara arba'in tana ajiye. Tsufan gaskiya yana da tsari. Rana tana cin rufi da bonet da murfin but kafin gefe, fenti yana sirancewa inda direba ke ɗora hannu, tsatsa kuma tana farawa inda ruwa ke kwanciya, wato ƙasan gilashin baya da ƙasan ƙofofi. Motar da ta yi zamanta a Michigan ko Ohio, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ƙarƙashinta ba zai yi kama da na motar Arizona mai busasshen yanayi ba. Fentin wancan lokaci ma ba shi da rufin nan mai sheƙi marar launi da ya yaɗu a shekarun 1980, don haka idan aka goga ɗan man gogewa a ɓoyayyen wuri, launin motar zai fito a tsumma.

Game da takardu, kada ka karɓi kwafin da mai sayarwa ya miƙo maka. Nemi naka da kanka: kamfanin Marti Auto Works na fitar da bayanan masana'anta na motocin Ford daga 1967, kamfanin PHS kuma na motocin Pontiac. Yawancin Chevrolet na wancan lokaci ba su da irin wannan madogara, sai takardar haɗa mota da akan tarar a cikin kujera ko saman tankin mai, ita ma ana buga ta jabu a tsufar da ita. Mai sayarwar da ya hana a ɗaga mota a duba ƙasanta, ko ya ƙi yarda ka turo masanin da kai ka zaɓa, ko ya matsa maka ka tura kafin alƙalami yau domin wai wani yana jira, ka bar masa motarsa.