Kuɗin tafiya ɗaya gare ka: wace gasar tseren keke za ka je kallo a Maris ko Afrilu?

Da zarar sanyin Turai ya fara sassautawa, hankalina yakan koma kan tseren keke mai zango-zango, irin na mako guda. Tsayawa a bakin hanya kyauta ne, ba tikiti. Masauki da sufuri su ke cin kuɗi, don haka abin lura shi ne sau nawa za ka ga mahayan da idonka kafin guzuri ya ƙare.

Paris-Nice ta Faransa, wadda aka fara a 1933, zango takwas ce a watan Maris. Tana tashi daga kewayen Faris ta gangara kudu zuwa Nice. Kwanakin farko fili ne fetal, iska na bugowa daga gefe tana yayyaga ayarin gida-gida. A talabijin abin sha'awa ne. A bakin hanya kuwa, sai ka yi awa biyu kana rawar ɗari, ka ji ƙarar sarƙoƙi da tayoyi fuuu, kafin ka ɗaga waya sun ɓace. In ita ka zaɓa, kada ka bi ta tun daga farko. Kama ɗaki a Nice kwana biyun ƙarshe, lokacin da ake hawan duwatsun bayan gari irin su Col d'Èze, inda ɗan Ayalan Sean Kelly ya yi suna da lashe gasar sau bakwai a jere daga 1982 zuwa 1988.

Tirreno-Adriatico ta Italiya mako ɗaya take faɗowa da Paris-Nice, dole ka bar ɗaya. Tun 1966 take ratsa ƙasar daga teku zuwa teku, ta ƙare a San Benedetto del Tronto. Ƙauyukan kan tudu suna da kyau ƙwarai, amma ba ka da sukuni sai da motar haya.

Ni dai Volta a Catalunya ta Sifaniya nake nuna wa duk wanda zai fara. An kafa ta a 1911, ana yin ta ƙarshen Maris, zango bakwai. Ranar ƙarshe a Barcelona mahayan suna kewaya tudun Montjuïc sau shida ko fiye, kai kuwa kana tsaye wuri ɗaya. A zagayen farko za ka gan su a dunƙule. Zuwa na huɗu bakuna sun buɗe, gumi na ɗiga daga haɓa, wasu sun fara zamewa baya, ka gane wanda ƙafarsa ta mutu tun kafin mai sharhi ya faɗa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ka gindin tudun, ba ruwanka da mota. Kuma manya suna zuwa: Tadej Pogačar ya lashe ta a 2024, Primož Roglič a 2023 da 2025.

Sai Itzulia ta yankin Basque na arewacin Sifaniya a Afrilu, zango shida, wadda ita ce zuciyata ta fi so. Hawan gajeru ne amma a miƙe kamar bango, hanyoyi matsattsu, jama'a sanye da riguna masu launin ruwan lemo suna ihu har sai mahayi ya ratsa tsakaninsu. Wanda ya ci ana ɗora masa baƙar hular gargajiya mai faɗi, txapela. Ka tafi da rigar ruwa, domin sama ba ta da tabbas, kuma gangaren na da haɗari: a 2024 manyan mahaya Vingegaard da Evenepoel da Roglič duk sun faɗi a lanƙwasa ɗaya a zango na huɗu. Tana bukatar mota da wanda zai iya taka tudu da ƙafa tun da hantsi.

Tour de Romandie ta Suwizalan tana zuwa ƙarshen Afrilu, amma tsadar masauki a can takan cinye guzurin mako cikin kwana uku.

In karon farko ne, sayi tikitin Barcelona, ka kama ɗaki tun watan Janairu. Itzulia ka ajiye ta sai ka samu abokin tafiya da za ku raba kuɗin mota.