Manhajar Anki: inda take da amfani ga mai karatu da inda take gazawa

Anki manhaja ce ta katunan bita. Kowane kati yana da tambaya a gaba da amsa a baya, manhajar ce kuma ke yanke ranar da katin zai sake fitowa. Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006. A kwamfuta kyauta ce, haka ma ta Android mai suna AnkiDroid. Ta iPhone kaɗai ake saya, kusan dala 25, biya ɗaya. Akwai wasu manhajoji masu ɗauke da sunan Anki da ba su haɗa komai da ita ba, wasunsu har kuɗin wata suke karɓa, don haka a duba suna da kyau kafin a sauke. Anki tana aiki ko babu data, sai lokacin da za a daidaita katuna da AnkiWeb, shafinta na intanet da ke ajiye kwafin katunan.

Ɗalibai da yawa kan ce irin wannan ba tasu ba ce, wai su da kunne suke ɗaukar karatu, ko kuma sai sun ga hoto. Ana yawan cakuɗa abu biyu a wannan maganar. A 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya kawo ra'ayin cewa basira iri-iri ce, ya lissafa bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta gane siffa da wuri, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta sanin halittu. Shi da kansa ya fito ya ce ra'ayinsa daban yake da batun raba ɗalibai zuwa masu koyo da ido da masu koyo da kunne. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa suka bi diddigin binciken da aka yi a kan wannan rabon, ba su sami gamsasshiyar hujjar cewa koyar da ɗalibi ta salon da ya fi so yana ƙara masa sakamako ba. Darasin ne ke zaɓar hanya: taswira da ido ake koyonta, lafazi da kunne, ko wane ne ɗalibin.

Abin da bincike ya tsaya a kai shi Anki ta ɗauka. John Dunlosky da tawagarsa sun auna dabarun karatu goma a 2013, biyu suka fito a sama: gwada kai da tambaya, da rarraba bita a kan kwanaki maimakon dannawa dare ɗaya. Maimaita karanta shafi da ja wa layi alƙalami mai launi suna can ƙasa. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, sannan ta lafa. Aikin manhajar shi ne ta dawo maka da kati dab da lokacin da zai kufce.

A wayar da aka saita da Turanci, bayan ka duba amsa za ka ga maɓalli huɗu: Again (an manta), Hard (an tuna da ƙyar), Good (an tuna), Easy (an tuna cikin sauƙi). Sabon kati yana dawowa bayan minti 1 idan ka danna Again, bayan minti 10 idan ka danna Good, in ka sake danna Good kuma sai gobe. Daga nan duk lokacin da ka danna Good ana ninka tazarar kusan sau biyu da rabi: kwana uku, mako guda, wajen mako uku, a haka har ya kai watanni. Idan ka danna Again katin ya koma baya, ninkin nasa kuma ya ragu. Wannan tsohon lissafi ne da aka aro daga wata tsohuwar manhajar bita, SuperMemo ta Piotr Woźniak. Tun fitowar Anki mai lamba 23.10 akwai sabon tsari mai suna FSRS da ake kunnawa a saitin rukunin katuna. Yana nazarin tarihin amsoshinka ya tsara tazarar, kuma yana zuwa a kan burin tuna kashi 90 cikin 100. A bar shi a nan. Wanda ya ɗaga shi zuwa 97 don zumuɗi zai ga bita ta yi masa yawa fiye da kima.

Kuskuren da ya fi lalata lissafin shi ne danna Hard alhali an manta amsar. Manhajar tana ɗaukar Hard a matsayin an tuna da ƙyar, sai ta tsawaita tazara, katin da ba a sani ba ya tafi ya daɗe. Wanda ya manta, Again zai danna, babu kunya a ciki.

Na biyu shi ne yawan sababbin katuna. Tana zuwa da 20 a rana, adadin da yake kama da wasa, amma jagorar manhajar kanta ta yi gargaɗin cewa hakan kan kai ga bita wajen 200 a kullum. Ɗalibin sakandare mai shirin WAEC ko JAMB ya fara da 8 ko 10. In ya tsallake kwana huɗu ya tarar da ɗaruruwa sun taru, ya mayar da sababbin zuwa sifili har ya share bashin. Ranar manhajar tana juyawa ne da ƙarfe 4 na asuba, don haka bitar bayan sallar asuba tana shiga sabuwar rana.

Ingancin kati ya fi duk wani saiti muhimmanci, kuma a nan yawancin mutane ke faɗuwa. Kati mai cewa "Bayyana jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo" ba zai yi aiki ba, domin amsar shafi guda ce, ba za ka iya tantance ko ka tuna ko ba ka tuna ba. A fasa shi: wace shekara Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu? 1804. Wane birni ne hedikwatar Gobir da aka ci a 1808? Alƙalawa. Kati ɗaya, abu ɗaya, amsa cikin daƙiƙa kaɗan. Akwai nau'in katin da ake ɓoye kalma a cikin jimla, da wanda ake rufe sassan hoto, wanda ɗaliban likitanci ke ji da shi wajen sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi. Tana karɓar sauti, da rubutun Larabci, da haruffanmu masu ƙugiya. Katin da aka manta amsarsa sau 8 manhajar kan yi masa alama. Kusan kullum rubutunsa ne bai yi ba, a sake shi ko a goge.

Rukunin katuna da wasu suka shirya suna nan birjik a AnkiWeb, sai dai haddace abin da ba ka fahimta ba karatun aku ne. A karanta darasin, a gane shi, sannan a yi kati.

Iyakarta a fili take. Ba ta koya wa mutum warware sabuwar tambayar lissafi, ko tsara muƙala, ko ɗinki, ko iya zama da mutane. Waɗannan sai da yi da kuma mai gyara. Mahaddacin Alƙur'ani zai iya amfana da ita wajen rarrabe ayoyi masu kama da juna ko ma'anar kalmomi, amma ba ta jin karatunsa, ba za ta kama masa kuskuren tajwidi ba, saboda haka tilawa a gaban malam tana nan a matsayinta. Fuskarta ma ba ta da ado, saitinta yana da yawa, sabon shiga zai ɗan sha wuya a makon farko, kuma yara ƙanana sai da babba a kusa.

Mai amfani da waya da kwamfuta tare ya riƙa daidaitawa kafin ya fara da bayan ya gama. Idan manhajar ta ce a zaɓi tsakanin ɗorawa da saukewa, ɓangare ɗaya zai shafe ɗayan ne gaba ɗaya, don haka a tabbatar da na'urar da ke da sabon aiki kafin a danna.