Na'urorin taimaka wa mai gigin tsufa a gida: wacce ta cancanci kuɗinka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, wadda muka fi sani da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Duk da haka, yawancin na'urorin da ake tallata wa masu jinya an ƙera su ne domin gidajen da ba a ɗauke musu wuta, shi ya sa na ɓarnatar da kuɗi sosai kafin na gane abin da ya dace da mahaifina.

Idan abu ɗaya kawai za ka saya, to ka sayi agogon nan mai faffaɗan allo wanda yake rubuta sunan rana da manyan baƙaƙe, ya kuma nuna ko safiya ce, ko yamma, ko dare. Darajarsa ita ce ba ya bukatar dattijo ya koyi komai, alhali koyon sabon abu shi ne abin da cutar take fara ƙwacewa. Baba yakan tashi ƙarfe 2 na dare ya yi alwalar asuba, ko ya sa babbar riga ranar Talata yana shirin Juma'a, kuma idan muka gyara masa sai ransa ya ɓaci. Da agogon ya zo, shi da kansa yake dubawa, ba wanda ya kunyata shi. Ka nemi mai ƙaramin batiri a ciki domin kada lokaci ya rikice idan an ɗauke wuta, wanda kuma allonsa yake dusashewa da dare. Yawancinsu da Turanci suke rubutu, amma akwai masu Larabci, kuma ga wanda ya yi karatun allo wannan ya fi sauƙi. Cibiyar nazarin cutar da ke Jami'ar Stirling a Sukotland, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana jaddada launukan da suka bambanta sarai da kayan da ido ya saba da su, kuma masana yanzu suna sa masu cutar cikin aikin ƙira tun daga farko. Kai ma ka yi koyi da su: ka ajiye agogon inda mahaifinka yake zama, ka bar shi ya karanta, ya kuma zaɓi wurin da za a rataye shi.

Lasifika mai amsa magana irin Alexa ba ta jin Hausa, saboda haka ban tsaya a kanta ba. Kyamara a ɗakin kwanan dattijo kuwa keta haddi ce. Fitilar da take kunna kanta idan an motsa tana da araha, kuma tana da amfani a hanyar banɗaki.

Inda za ka yi hattara shi ne na'urar bin sawu, domin a nan macuta suka yi sansani, sun san tsoron ɓatan mahaifi yana hana mutum ciniki. Na taɓa sayen wata ƙarama mai maganaɗisu da aka rubuta GPS (wato gano wuri ta tauraron ɗan'adam) a kwalinta, ashe babu GPS a cikinta, da turakun sadarwa kawai take kintace. Ranar da Baba ya fice da almuru, ta nuna mana wata unguwa dabam, sai wani mai shayi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi. AirTag, ɗan ƙaramin abin bin sawu na kamfanin Apple, ba jabu ba ne, amma ya dogara da wayoyin iPhone da ke kusa, kuma a unguwannin da Android ya fi yawa ba zai yi maka aiki yadda kake so ba. Idan mai GPS za ka saya, ka tambaya ko akwai kuɗin wata-wata, domin masu sayarwa ba sa faɗa sai an biya, sannan a Najeriya dole layin da za ka sa a ciki ya kasance haɗe da lambar NIN. Kada ka gaskata kwanakin batirin da aka buga a kwali sai ka gwada. Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa layi, ka ba yaro na'urar ya zagaya bayan kasuwa kana kallon taswira a wayarka, kuma idan mai shago ya ƙi yarda da wannan gwaji, ka ajiye masa kayansa.